Baba Ya Ci Jarrabawar Ido

Litinin, 4 ga wata, 12:40 na rana

Hutun cin abinci. Kowa ya fita, ni ina nan bayan injin ɗinkina. Littafin nan kamfani ne ya ba mu don rubuta aikin da aka miƙa mana, amma rabinsa na baya fari fat, to ni zan cika shi, tunda a garin nan ba ni da wanda zan cika wa kunne.

Sati uku ke nan da zuwanmu ni da Baba. Ɗaki ɗaya da ɗan baranda a saman bene, matakala goma sha bakwai. Ba ni na ƙirga ba, shi ya ƙirga. Ya san taku nawa ne daga katifa zuwa ƙofa, daga ƙofa zuwa famfo. A can gida haka yake yawo cikin gidan da ya gina da hannunsa, ko bango ba ya laluba, shi ya sa ba mu gane ba. Ko kuwa mun gane muka yi shiru. Mutumin da ya yi shekara talatin da takwas yana tuƙa motar haya, wa zai dube shi ya ce masa ba ya gani? Sai ranar da aka jawo motar gida da igiya, fitilar hagu a fashe. Wannan ba yau zan rubuta shi ba.

Da safen nan ya tsiyaya shayi a gefen kofi, ya ce teburin ne ya karkace.

Ranar Asabar mai kemis ɗin ƙasan layinmu ya haska masa tocila a ido. Ya ce yanar ido ce, ta rufe na dama ruf, ta ci fiye da rabin na hagu. Ya ce aikin cire ta bai kai a dafa shinkafa ba, amma in aka bar ta ta wuce lokaci tana iya tafiya da idon gaba ɗaya. Muna fitowa Baba ya ce, "Yaro ne, me ya sani?" Mai kemis ɗin nan kansa fari tas da furfura.

Abin da ke gabana ɗaya ne, a yi wa Baba aikin nan tun akwai abin da za a ceto. Sauran duk su jira.

Goggo ta kira. Ban ɗauka ba.

Laraba, 6 ga wata, 5:30 na yamma

Na roƙi rabin yini, muka tafi babban asibiti, mota biyu. Baba ba ya yarda a kama masa hannu. Shi yake dafa kafaɗata, wai don kar in ɓata a cikin mutane.

Ni a tunanina asibiti asibiti ne, ka je, ka yanki kati, ka ga likita. Ashe a nan ba haka ake yi ba. Matar da ke teburin karɓar mutane ta ce ina katin inshorar lafiyarsa? Na ce ba mu da shi. Takardar turowa daga ƙaramin asibitin unguwarku fa? Na ce ni ban ma san unguwarmu tana da asibiti ba. Ta dube ni, ba da wulaƙanci ba, irin kallon da ake yi wa wanda ya iso tasha bayan mota ta tashi.

"Baƙuwa ce ke?"

"Sabuwa fil."

Ta faɗa mini abin da ake biya in babu kati. Na yi dariya don kar in yi wani abin.

A hanyar dawowa Baba sai fara'a yake. Ya ce, "Kin gani ko, Auta? Su ma sun san lafiyata ƙalau."

Alhamis, 7 ga wata, 12:50 na rana

Allah ya haɗa ni da Mai Maɓalli. Ita ce ke zaune a hannun damana, aikinta ɗinka maɓalli a rigunan da na haɗa, shekararta goma sha ɗaya a nan. Ta ga ina juya cokali ban ci ba, ta ce, "Ke kuma wa ya mutu?" Na ba ta labari.

Ta jawo ƙyallen yadi, ta ɗauki allin zane, ta zana mini hanyar gaba ɗaya. Inshorar kamfani ta riga ta rufe ni. Ana iya ƙara mahaifi, in dai gida ɗaya kuke. A karɓi fom a ofishin ma'aikata. Hoto biyu. Sa hannun mai gidan haya, shaidar cewa tsohon a nan yake kwana. A kai ofishin inshora, taga ta uku, kada a kuskura a tsaya a ta ɗaya ko ta biyu, za su cinye maka yini su ce ka koma ta uku. In kati ya fito sai ƙaramin asibiti, su gwada idon, su ne za su rubuta takardar turawa. Daga nan ne babban asibiti zai san da zamanka a duniya.

Na ce, "Duk wannan a ina aka rubuta shi?"

Ta ce, "A jikin waɗanda suka sha wuya kafin ke."

Ƙyallen yana cikin jakata, na naɗe shi kamar takardar gida.

Asabar, 9 ga wata, 4:00 na yamma

Mai gida ya ce in dawo gobe.

Lahadi, 10 ga wata, 4:20 na yamma

Mai gida ya ce in dawo gobe. Maƙwabta ma ashe Sai Gobe suke kiransa. Tsoron sa hannu yake, wai duk takardar da ta shiga ofis da sunansa, wata za ta haifo.

Goggo ta kira sau biyu.

Talata, 12 ga wata, 6:45 na yamma

Yau sai na yi rawa a matakala, wallahi da ba don jama'a ba!

Na dawo aiki na tarar da Sai Gobe a ƙofar gida, ya buɗe gaban motarsa, gumi sharkaf, yana ta zagin makaniken da ya ce masa sai an sauke inji. Baba yana baranda a kan kujerarsa. Daga can sama ya ce, "Mai gida, sake tayar da ita in ji." Aka tayar. Ya karkata kai kamar mai sauraron gulma ta bango. Ya ce, "Ba inji ba ne. Bel ɗin fanka ne ya saki, kuma filoginka ɗaya ba ya ci, na uku. Wanda ya ce ka sauke inji ɓarawo ne ko jahili, ka zaɓa."

Aka ɗaure bel, aka goge filogi, mota ta ɗauka lafiya lau kamar ba ita ba. Sai Gobe bakinsa har kunne, yana ta "Baba, ashe da babban mutum muke zaune!" Ni kuwa ban tsaya sanya ba, na zaro fom da biro na shimfiɗa masa a kan bonet. Ya sa hannu har wuri biyu, ɗaya ma ba a wurin sa hannu ba.

Baba ya ci abinci kwano biyu. Rabon da in ji yana waƙa a ƙasan maƙoshi tun kafin mu taso daga gida.

Alhamis, 14 ga wata, 1:10 na rana

Taga ta uku ta dawo da mu. Baba ya ɗauki hoton da baƙin tabarau, ni kuma gaggawa ta hana ni dubawa. Mutumin tagar ya ɗaga hoton ya ce, "Hajiya, wannan ɗan sandan ciki ne ko mahaifinki?" Mun sake wani a shagon da ke tsallaken titi. Sai da na ce wa Baba doka ce kafin ya cire tabaraun. Da na ga hoton na juyar da kai, don ban taɓa kallon idon na dama haka kai tsaye ba. Fari ne kamar an ɗiga madara.

Litinin, 18 ga wata, 3:15 na yamma

KATI YA FITO!

Ɗan abu shuɗi, bai kai tafin hannu ba. Na riƙe shi tun daga ofis har gida, ko jaka ban yarda na sa shi ba. Mutumin taga ta uku ya ce bai taɓa ganin wadda ta yi wa kati godiya haka ba, na ce to yau ka gani. Baba ya shafa shi gaba da baya, ya ce ya yi kyau a hoton? Na ce kamar ango. Ya sa shi a aljihun gaba, inda lasin tuƙinsa yake zama da.

Sati biyu da suka wuce ban san ko ƙofar ba. Yau in wata baƙuwa ta tambaye ni, ni ma sai in zana mata a ƙyalle. Laraba ake gwajin ido a ƙaramin asibiti.

Laraba, 20 ga wata, 2:30 na rana

Ban san ta inda zan fara ba.

Mun isa ƙarfe takwas, muka tarar da mutum ya fi ashirin a benci. Ɗakin gwajin ƙofarsa a buɗe take. Ma'aikaci ɗaya ne, da sanda a hannu, da wani allo a bango mai alamomi kamar hannu mai yatsu uku, wani na kallon sama, wani ƙasa, wani hagu, wani dama. Suna farawa manya, suna ƙanƙancewa. Ka rufe ido ɗaya ka faɗi inda yatsun suka nufa. Wanda ya kasa, a ba shi jar takarda ya shiga wurin Sista, babbar nas ɗin ido. Wanda ya iya, a ba shi fara ya tafi gida.

Baba ya ce in zaunar da shi a ƙarshen benci kusa da ƙofa, wai a can iska take. Ya yi shiru, kai a sunkuye, na ɗauka fargaba ce, har tausayinsa ya kama ni. Ana saura mutum uku a zo kanmu aka ce sai da kwafin kati, na ruga tsallaken titi. Injin kwafin ya tsaya shan iska. Ko da na dawo, ga Baba tsaye a bakin ƙofa, ya gyara hula, tabarau a ido, farar takarda a hannu.

Fara. An rubuta gani mai kyau, a dawo bayan wata shida.

Na ce wa ma'aikacin akwai kuskure. Ya ce, "Wane kuskure? Tsohon nan har layi na shida ya karanta, ido biyun, ko tuntuɓe bai yi ba. Ni kaina ba na ganin na shida." Na ce ka dubi idon mana. Ya ce shi allo aka ba shi, duba ido aikin Sista ne, Sista kuma sai da jar takarda. Ya kira na gaba.

Kaina ya ɗaure. Har na fara tunanin ko mai kemis ɗin da gaske yaro ne.

Laraba, 6:50 na yamma

A matakala ta huɗu ya kasa riƙe abin a cikinsa. Yana hawa yana rerawa: "Sama. Hagu, dama. Ƙasa, sama, hagu. Dama, dama, ƙasa, sama." Ya kai har ƙarshe, ya yi dariya. Ya ce ma'aikacin ba ya tsallake, daga sama yake bi zuwa ƙasa, in an yi daidai ya ce yawwa, in an kuskure ya ce a'a. Mutum ashirin suka karanta masa allon a kunne, me ya rage?

"Auta, sau huɗu ina sabunta lasin haka. Ban taɓa faɗuwa gwajin ido ba, ba kuma a baƙon gari zan fara ba."

Yana jira in yaba masa. Da gaske yana jira.

Na tuna rabin yinin da na roƙa, da kafaɗata da ya dafa mota biyu, da fuskar Sai Gobe, da taga ta uku, da ƙyallen Mai Maɓalli. Wata shida. Na ce, "Baba, wannan ba ofishin lasin ba ne! Nan wanda ya faɗi shi ake yi wa magani!" Ya ce in sassauta murya, maƙwabta na ji.

Sai na ambaci mai keken da ya buge, ranar da aka jawo motar gida.

Wata huɗu ba wanda ya ambace shi a gabansa. Ni ce ma na hana kowa. Ba zan rubuta yadda na faɗa ba. Ya tsaya da hannu a kan ƙarfen matakala, ya daɗe, sannan ya ci gaba da hawa. Bai ƙirga ba, har ya yi tuntuɓe a ta ƙarshe. Na miƙa hannu, ya janye kafaɗarsa.

Alhamis, 21 ga wata, 6:30 na safe

Bai sha shayin ba.

Juma'a, 22 ga wata, 12:45 na rana

Na ɗinka hannun riga uku a baibai. Mai Maɓalli ta farke mini, daga baya ta ce in koma in sami Sistar da kaina, in daina kumbura kamar burodi.

Ban yi ƙarya ba a abin da na faɗa. Amma ubana ne, kuma ina jin kunyar kaina.

Asabar, 23 ga wata, 11:20 na safe

Na sami Sista. Doguwar mace, ba ta da lokacin kowa amma ta ba ni minti biyar. Da na gaya mata yadda aka yi sai da ta ajiye biro ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Direba ne ko?" Na ce yaya aka yi kika sani? Ta ce direbobi da masu gadi, su ne ke yi musu haka.

Na ce to a ba ni jar takardar. Ta ce a'a. Ta ce za ta iya karya dokar wata shidan, wannan a hannunta yake, amma ba za ta rubuta wa mutum ciwon da yake musu ba. "Ko na tura shi, a can ma sai ya sa hannu kafin a taɓa shi. Ki kawo shi ya faɗa da bakinsa."

Da bakinsa. Mutumin da kwana uku ke nan ko sannu bai ce mini ba.

Lahadi, 24 ga wata, 5:40 na yamma

Wayar ta yi ƙara muna zaune, shi a baranda, ni ina guga. Na duba na kife ta. Sai na ji muryarsa: "Ki ɗauka mana. Sau nawa za ta kira?" Ya san ƙarar da na sa wa Goggo. Maganarsa ta farko ke nan tun Laraba.

Na ɗauka a dole, don tun da muka baro gida abu ɗaya nake tsoron ta faɗa: cewa mai keken ya cika. Ya ce in sa a ji.

Goggo ta fara da zagina, wai na zama 'yar birni ba na ɗaukar waya. Sannan ta ce, "Sati uku ina nemanku da albishir. Mai keken nan ya yar da sanda. Shekaranjiya ma da ƙafarsa ya zo har gida, ya koma kan kekensa yana kai kaya. Ya ce a gaishe da direba, a tambaye shi yaya idon."

Na zauna a ƙasa.

Baba ya ce, "Wane ido?"

"Haba Yaya! Duk tashar nan wa bai sani ba? Shekara biyu abokan aikinka suna zaɓo wanda ya san hanya su sa maka a kujerar gaba, yana ce maka ga rami, ga kwana. Kai kana dawowa gida kana cewa fasinjojin yanzu surutu gare su. Kunyarka aka ji, ba a faɗa maka ba. Da ma an faɗa."

Ta ci gaba da labarin wasu, ban ji ko ɗaya ba. Baba ya cire tabaraun ya riƙe a cinya. Da na kashe wayar ya ce, a hankali, "Ashe kowa ya sani." Ƙaurin rigata da na bari a ƙarƙashin dutsen guga ne ya tashe ni.

Laraba, 27 ga wata, 10:05 na safe

A bencin ƙaramin asibiti nake rubuta wannan, a yi haƙuri da rubutun.

Shi ya tashe ni, gari bai gama wayewa ba, ya riga ya sa kaya. Ya ce, "Tashi mu je tun layi bai taru ba." Mu muka tarar da mai shara. Da ma'aikacin ya buɗe ɗaki, Baba ne na farko, babu wanda zai saurara.

Ma'aikacin ya gane shi, ya ce, "A'a, Baba mai layi shida! Me ya dawo da ku?"

Baba ya ce, "Ɗana, allon nan naka na haddace shi. Kawo wani."

Mutumin ya ɗauka wasa ne. Sai Baba ya juya wa allon baya, ya karanto shi tun daga sama har ƙasa, bai numfasa ba. Ma'aikacin ya saki baki, sandar na lilo a hannunsa. Ya fita ya dawo da Sista, ita kuma da wani allon a hammata. Ta rataya, ta ce a cire tabarau, a rufe na hagu. Ta nuna alamar farko, wadda ta kai faranti girma.

Ina jin tsintsiyar mai shara a waje. Baba ya ƙura wa allon ido.

"Ban gani ba."

Ta ce a rufe na dama. Ya ce, "Akwai wani abu baƙi-baƙi. Inda ya nufa ban sani ba." Ta matso ta ɗaga yatsu a gabansa, sai da ta zo dab da hancinsa ya ce biyu.

Sista ta dafa shi ta ce, "Baba, yau kun faɗi warwas. Barka."

Ya ce, "Shekarata sittin da tara, yau aka fara yi mini barka da faɗuwa."

Jar takarda, da takardar turawa, da hatimin gaggawa a kanta. Ma'aikacin kuwa har yanzu yana leƙo mu, na ji yana cewa daga yau ƙofar nan rufe ta zai riƙa yi.

Da muka fito Baba bai dafa kafaɗata ba. Hannu ya miƙo mini.

Juma'a, 29 ga wata, 4:50 na yamma

Babban asibiti. Matar nan dai ce a tebur. Ta buɗe baki za ta tambaya, na jera mata kati, kwafin kati, takardar turawa, tun ba ta gama numfashi ba. Ta ɗago ta ce, "Baƙuwar nan ce?" Na ce baƙuwa ta zama 'yar gari. Ba mu biya komai ba, sai da na sake tambaya don in tabbata.

Likitan ya daɗe yana leƙa idon da na'urarsa. Ya ce da na dama za a fara, ita ce ta nuna har ta so ta wuce, da mun ƙara wata biyu da wani zancen muke yi. Ya ce ba zai yi alkawari ba, don yanar ta hana shi ganin abin da ke bayanta, sai an cire za a san ko idon na nan da ransa. Talata.

Baba ya sa hannu da kansa. Na ɗora masa biron a kan layin, ya ce to sake ni, sauran na iya.

Litinin, 2 ga wata, 12:40 na rana

Ban iya cin komai ba. Sai an cire za a sani.

Talata, 3 ga wata, 9:20 na safe

Sun shiga da shi. Hularsa da tabaraunsa na hannuna.

Talata, 10:15 na safe

Ya fito, bandeji a rabin fuska, yana ba mai tura keken marasa lafiya umarni yadda zai sha kwana. Sai gobe za a buɗe.

Laraba, 4 ga wata, 3:00 na yamma

Nas ta ɗaye filastar a hankali, ta goge, ta ce ya buɗe. Ya ƙifta, ya ƙifta, hawaye na zuba. Ni na ƙanƙame jakata kamar za a ƙwace. Ya dubi fanka, ya dubi tafin hannunsa, ya juya shi. Sannan ya juyo gare ni, ya tsaya. Ya daɗe har na fara tsorata.

Ya ce, "Auta, wa ya ba ki izinin yin furfura?"

Na ce, "Ku kuka ba ni, Baba."

Daga nan ban san me ya faru ba, sai dai na ji nas tana cewa in tashi daga ƙasa, mutane na wucewa. Na yi kuka, na yi dariya, na rungumi wata mata da ban taɓa gani ba.

Aka kai shi gaban allo. Layi huɗu ya karanta, yana nunawa da yatsa. A na biyar ya ce, "Wannan ban gani ba," kamar yana cewa a miƙo masa ruwa. Likita ya ce zai ƙara washewa, na hagun kuma bayan sati shida, duk a kan katin nan.

A mota ba allon shagon da bai karanta mini ba. Ya ce direbanmu ba a koya masa kallon madubi ba. Da muka shiga ɗaki ya tsaya a tsakiya yana juyawa, ya ce, "Ashe bangon ruwan hoda ne? Wata biyu ina kwana a ɗakin amarya ba ki faɗa mini ba?"

Na kira Goggo da kaina. Guɗarta sai da na janye wayar daga kunne.

Laraba, 11 ga wata, 12:45 na rana

Yau ranar komawa ƙaramin asibiti a duba ɗinkin, a ƙara masa maganin ɗigawa. Tun jiya ya ce shi kaɗai zai je, na roƙi rabin yini ya isa haka, kar a kore ni. Na ce to. Na zuba masa maganin safe, na duba kati na aljihu, na yi sallama na sauka.

Ban tafi ba. Na laɓe a bayan rumfar mai jarida, inda nake hango ƙofar gida da babban titi. Titin nan hannu huɗu ne, motoci ba sa ɗaga wa kowa ƙafa, ni kaina sai na yi addu'a nake shigarsa.

Ya fito. Ya tsaya a bakin kwalta, ya dubi hagu, ya dubi dama, ya sake duban hagu. Ya bar motoci shida suka wuce, ni ina nan ina cizon gefen mayafi. Sannan ya taka, ba gudu, ba laluben ƙasa da ƙafa, ya tsaya a tsakiya, ya jira, ya ƙarasa. Yana hawa wancan gefen na saki numfashi.

Sai ya juyo. Ya sa hannu ya kare rana, ya miƙo yatsa daidai rumfar mai jarida, ya ɗaga murya duk titi na ji:

"Auta! Na gan ki! Wuce ki tafi aiki!"

Na tafi aiki.